Kafin A Gano Mai Laifi, Wa Zai Ɗauki Mai Rauni?

Duk wanda ya daɗe yana tuƙi a Maiduguri ya san yadda abin yake tafiya. Mota ta yi karo da Keke Napep a hanyar Damboa, ko a ɗaya daga cikin mahaɗun da suke shiga tsohuwar GRA, kafin ƙura ta lafa jama'a sun kewaye wurin. Tambayar farko da take fitowa daga bakin kowa ita ce, “Wa ke da laifi?” Wani ya ce mai keke ne ya shigo bai duba ba, wani ya ce ai mai motar yana waya. Ana nuna fitilar da ta fashe, ana auna inda taya ta goge kwalta, murya tana hawa kan murya. A gefe guda kuwa ga wata mata zaune a bakin lambatu tana riƙe da ƙafarta, ba ta san wanda zai biya kuɗin hoton ƙashi ba, balle na aiki. Ita ba ta tuƙa komai ba. Kuɗin mota ta biya, ta zauna a baya.

Wannan tambaya ta laifi ba banza ba ce, kuma ba zan yi mata rikon sakainar kashi ba. Amma ina so mu duba, 'yan'uwa, ko ita ce ta cancanci zama ta farko. Akwai ƙasashen da suka zauna suka yanke cewa ba ita ba ce. Suka kafa wata irin inshora wadda ba ta tambayar laifi: in ka ji rauni a haɗarin mota, a yi maka magani a biya ka abin da ka rasa, ko kai ne ka jawo haɗarin ko wani ne. Mutane da yawa in sun ji wannan sai ransu ya ƙi, su ce ina adalci a nan? Ni ma ina ganin akwai abin ƙi a ciki. Sai dai in mun auna shi da abin da muke yi a yanzu, za mu ga cewa namu tsarin ma yana da nasa rashin adalcin, wanda sabo ya sa ba mu ƙara ganinsa.

Bari mu fara da gida. Tun zamanin Turawa, a shekarar 1945, aka yi dokar da ta wajabta wa duk mai mota a Nijeriya ya yanki inshora saboda mutumin da motarsa za ta iya yi wa lahani. Ita ce ake kira inshorar mutum na uku: kai ne na farko, kamfanin inshora na biyu, wanda ka buge shi ne na uku. Daga ranar 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗinta na shekara ga ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A watan Fabrairu 2025 'yan sanda suka shiga tsananta binciken wannan takarda a kan hanyoyi, a cikin shekarar kuma aka sa hannu a sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003. Duk da waɗannan canje-canje, ginshiƙin abin yana nan yadda yake: kamfani yana biya ne a madadin direban da hakki ya hau kansa. In ba a tabbatar da cewa direban ya yi sakaci ba, babu abin da ya hau kan kamfaninsa.

Ka lura da abin da wannan yake nufi ga matar nan da ke bakin lambatu. Sai ta nemo rahoton 'yan sanda, ta nemo takardar likita, ta san kamfanin da ya yi wa motar inshora, ta rubuta musu. In mai mota da mai keke suna jayayya, sai an raba gardamar, wani lokaci har gaban alƙali, da lauya da ɗage-ɗagen zama. Karaya kuwa ba ta jiran ranar da kotu ta sa. In aka bincika aka tarar takardar motar ta jabu ce, irin wadda ake saya a bakin ofishin lasin don kawai a wuce shingen hanya, to babu kamfanin da za a je wurinsa. In direban ya tsere ba a ga lambarsa ba, babu ma wanda za a yi ƙara. Dokar 2003 ta yi tanadin wani asusu domin irin waɗannan da direba marar inshora ko wanda ba a gane ba ya kashe ko ya naƙasa, amma tambayi mutum goma a Kasuwar Litinin ko sun taɓa jin labarinsa. Shi kuma direban da tayarsa ta fashe a hanyar Damaturu ya faɗa daji shi kaɗai, wannan inshora ba ta san da shi ba sam, domin shi ba mutum na uku ba ne.

Shi ya sa mafi yawan haɗurranmu ba su kai wa ga kamfanin inshora. A bakin hanya ake gama su, ko a ofishin 'yan sanda, ko a zauren mai unguwa. A ce a yi sulhu, ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mai mota ya ba da abin da ya sawwaƙa, a kai mai rauni wurin mai ɗori domin ya fi asibiti araha, bayan wata shida ƙafa ta haɗe a karkace, mutumin da yake tura ruwa a baro ya kasa komawa aiki. Sulhu abu ne mai kyau, Littafi Mai Tsarki ya yaba shi. Amma sulhun da ake yi tsakanin mai gida a GRA da mai gadin da ke zuwa a ƙasa daga Gwange, ɗaya yana da lauya da sanayya, ɗaya yana da yunwa da gaggawa, ba kullum ba ne ya cancanci wannan suna. Tun da aka hana acaɓa a garin nan a shekarar 2011, Keke Napep ce ta zama ƙafar talaka, kuma keke ba ta da ƙofa, ba ta da bel, ba ta da ƙarfen da zai tare bugu. Idan ita da mota suka haɗu, na cikin mota gyaran bamba yake tunani, na cikin keke kuwa ƙashinsa.

Akwai wata ɓarna ta tsarin laifi wadda ta fi damuna a matsayin mai bi, domin ita zuciya take taɓawa. Tsarin ya sa faɗin gaskiya ya yi tsada. Wanda ya buɗe baki ya ce, “Ku yi haƙuri, ni ne ban duba ba,” ya ɗora wa kansa dukan kuɗin asibiti, wataƙila har da duka daga hannun taron da ya fusata. Wanda ya kafe ya yi ta rantsuwa, sau da yawa shi yake tsira. Har ma a cikin takardun inshora da yawa akwai sharaɗin da ya hana mai mota amsa laifi ba da iznin kamfani ba. To ga dattijon ikkilisiya, wanda ranar Lahadi ya koya wa yara cewa su faɗi gaskiya ko da za ta cuce su, ranar Litinin ya tsinci kansa a tsakiyar titi yana neman kalmar da ba ƙarya ba ce sarai amma ba gaskiya ba ce duka. Wasu kuma ba su tsayawa ko kaɗan. Ba ina wanke direban da ya buge mutum ya gudu ba, amma mun san ba dukansu ne marasa imani ba. Da yawa tsoro ne ya taka musu totur.

Yanzu bari mu ga yadda wasu suka yi. Lardin Saskacewan na ƙasar Kanada shi ne ya fara gwada biyan masu rauni ba tare da duba laifi ba, a shekarar 1946. A Amurka wasu malaman shari'a biyu, Robert Keeton da Jeffrey O'Connell, suka fitar da littafi a 1965 inda suka nuna cewa tsarin ƙara a kotu yana da jinkiri, yana cin kuɗi wajen lauyoyi, yana biyan masu ƙananan raunuka fiye da kima, masu manyan raunuka kuwa ƙasa da buƙatarsu. Jihar Masacusets ta fara aiki da shawararsu a 1971, wasu jihohi suka biyo baya, yanzu kimanin goma sha biyu ne suke bin tsarin. Yadda yake aiki a can shi ne, in ka ji rauni, kamfaninka kai kanka ne zai biya kuɗin maganinka da wani kaso na albashin da ka rasa, har zuwa wata iyaka. A jihar Niyu Yok iyakar ta asali dala 50,000 ce. Ba a jiran a san wanda ya keta danja. Amma ba kyauta ba ne. Abin da ka bayar a madadi shi ne 'yancinka na kai ɗaya direban ƙara don neman diyyar azaba da ɓacin rai, sai fa in raunin ya kai wani mataki da doka ta ambata, kamar mutuwa, ko rasa gaɓa, ko karaya, ko naƙasa mai ɗorewa.

Ƙasar Niyu Zilan ta fi kowa nisa a wannan hanya. Bayan rahoton wani alƙali, Owen Woodhouse, a 1967, sai a 1974 suka kafa hukuma guda wadda take ɗaukar nauyin duk wanda ya ji rauni ta haɗari, a mota ne, a gona ne, ko a ɗakin girki, har da baƙon da ya zo yawon buɗe ido. Tana biyan magani, tana biyan ma'aikaci har kashi 80 cikin 100 na abin da yake samu muddin bai iya aiki ba. Kuɗin ɓangaren mota yana fitowa daga harajin man fetur da kuɗin sabunta lasin. A madadin haka, kusan an rufe ƙofar ƙarar neman diyyar rauni gaba ɗaya. Lardin Kubek na Kanada ya yi irin wannan ga haɗarin mota a 1978.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna ce. Jihar Mishigan, wadda tun 1973 ta yi alkawarin biyan magani ba iyaka har ƙarshen ran mai rauni, ta wayi gari kuɗin inshorarta yana cikin mafi tsada a Amurka, har a 2019 ta sassauta dokar ta bar mutane su zaɓi iyaka. Jihar Kolorado ta watsar da tsarin a 2003 ta koma na laifi. A wasu wurare 'yan damfara sun riƙa shirya haɗarin ƙarya tare da asibitocin bogi don su kwashi kuɗi. Inda duk aka ajiye zuma, ƙuda zai zo.

Amma ba tsada ko damfara ba ne babbar hujjar masu ƙin tsarin. Babbar hujjarsu ta ɗabi'a ce, kuma tana da nauyi. Suna cewa: wanda ya ɓata shi ya kamata ya gyara. A Fitowa 21:18-19, mutumin da ya ji wa ɗan'uwansa rauni har ya kwanta, shi ne aka ɗora wa biyan kwanakin da ya rasa da kuma ganin cewa ya warke sarai. Zakka mai karɓar haraji, da tuba ta shige shi, ai ba addu'a kawai ya yi ba, mayarwa ya yi alkawari har ninki huɗu. Biya yana koyar da mai laifi, yana kuma gaya wa wanda aka cuta cewa abin da aka yi masa ba daidai ba ne. Uwar da mashayi ya gurgunta ɗanta ba kuɗin keken guragu kaɗai take nema ba. Tana so wani mai iko ya dubi mutumin nan ya ce masa, “Kai ne.” In aka ce mata asusu zai biya, shi ma mashayin asusu zai yi masa magani a gadon da ke kusa da na ɗanta, daga kuɗin da ita ma ta zuba, wa zai ce ba ta da dalilin jin ciwo? Ga kuma tsoron cewa in direba ya san ba aljihunsa ne zai yi kuka ba, zai ƙara sakin hannu.

Na yarda da rabin wannan magana. Inda na rabu da ita shi ne zaton da take yi cewa kowane haɗari yana da mugu a ciki. Shari'ar Musa kanta ba ta yi wannan zato ba, kuma a nan ne nake so mu ɗan daɗe, domin babin nan na 21 na Fitowa ya fi yadda muke tsammani zurfi. A ƙarshensa an kawo maganar shanu biyu. In bijimin wani ya soki na maƙwabcinsa ya mutu, ba a taɓa sanin bijimin da halin suka ba, hukuncin shi ne a sayar da mai ran a raba kuɗin biyu, a kuma raba mushen biyu. Ba a ce mai bijimin da ya yi suka ya biya duka ba, ba a kuma ce wanda nasa ya mutu ya haƙura ya tafi hannu wofi ba. An raba hasarar. Amma aya ta gaba ta ce in an riga an san bijimin da wannan hali, mai shi bai tsare shi ba, to sai ya biya sa a madadin sa. Ka ga an bambanta tsautsayi da ganganci. Haka kuma a Maimaitawar Shari'a 19 aka kawo mutumin da ya je saran itace da abokinsa, ruwan gatari ya fice daga ƙota ya kashe abokin. Ba a kira shi mai kisankai ba, an buɗe masa birnin mafaka. Mutum ya mutu, akwai hannun da ya riƙe gatarin, duk da haka ba a ga mugu ba.

To, a cikin haɗurran da muke gani, nawa ne na bijimin da aka sani, nawa ne na ruwan gatari? Ɗauki direbobi biyu da suka fito daga GRA da safe za su kai yara makaranta. Kowannensu ya sunkuyar da kai na daƙiƙa biyu don ya duba wanda yake kiransa a waya. Na farko ya ɗago, hanya fayau, ya wuce, har yamma bai ma tuna ba. Na biyu ya ɗago, ga yarinya mai tallan gyaɗa ta riga ta shigo. Abin da suka yi ɗaya ne, zuciyarsu ɗaya ce, a gaban Allah sakacinsu ɗaya ne. Amma tsarin laifi zai sallami na farko ba ko kwabo, ya ɗora wa na biyu miliyoyi, ko kuma, in ba shi da su, ya bar yarinyar da gurguwar ƙafa. Abin da ya raba su ba hali ba ne, sa'a ce. Wane mai tuƙi ne a cikinmu zai ɗaga hannu ya ce bai taɓa yin irin waɗannan daƙiƙu biyu ba? In haka ne, dukanmu masu riƙe sitiyari mun zuba hannu a cikin haɗarin da ke kan titi, ko da yake a kan mutum ɗaya ya faɗo. Raba nauyin a tsakaninmu ba sadaka ba ce da muke yi wa mai laifi. Biyan rabonmu ne.

Ba direbobi kaɗai ba. Akwai ramin da aka bari a kwalta shekara uku, da fitilar titi da ta mutu, da tsohuwar taya da aka shigo da ita aka sayar wa mai keke domin ita kaɗai yake iya saye, da kuɗin balas da mai keken zai kai wa mai ita kowace yamma wanda yake sa shi gudu da lodin mutum biyar. Dokar Musa ta umarci mai gina gida ya ja katanga kewaye da rufinsa don kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan. Ba a jira a ce wanda ya faɗo shi ne bai kula ba. Akwai kuma wata doka a Maimaitawar Shari'a 21 da ta yi kama da maganar direban da ya tsere: in aka tsinci gawa a fili ba a san wanda ya yi kisan ba, sai a auna garin da ya fi kusa, dattawan garin su fito su ɗauki al'amarin. Ba a yarda jini ya zama na babu-mai-shi ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da abin da ya kusanci wannan a fikihunsu: diyyar kisan kuskure, wadda asalinta raƙuma 100 ne, ba a kan wanda ya yi kuskuren shi kaɗai take ba, danginsa ne suke haɗuwa su biya. Ashe tunanin cewa kuskuren mutum ɗaya jama'a ce take ɗauka ba baƙo ba ne a ƙasar Barno, ba kuma Turawa suka ƙago shi ba.

Game da tsoron cewa direbobi za su saki hannu, ya kamata a tuna cewa cire laifi daga maganar magani bai cire shi daga maganar hukunci ba. A Niyu Zilan da Kubek, wanda ya yi tuƙi a buge ana kama shi, a ƙwace lasinsa, a ɗaure shi in ta kama. Kotu tana nan tana ce masa, “Kai ne.” Abin da aka hana shi ne a sa warkewar mai rauni ta rataya a kan wannan shari'a. Kuma gaskiyar magana, a tsarinmu ma ba aljihun direba ne yake biya ba in inshorarsa ta gaske ce, kamfani ne. Mun riga mun yarda wani ya biya a madadin mai laifi. Abin da muka riƙe kawai shi ne sharaɗin cewa sai mai rauni ya sha wahalar tabbatar da laifin tukuna.

Wataƙila mai karatu zai yi mamakin jin cewa Nijeriya tana da irin wannan tsari a wani fanni. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa, ba ta tambayar laifi. Mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki sai asusun ya ɗauke shi, har da haɗarin da ya same shi a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Abin da ya kamata ya sa gidajenmu na GRA su tsaya su yi tunani shi ne, dokar ta lissafa mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba ne a cikin ma'aikatan da take nufi. Mai gadi, da direba, da yarinyar da take zuwa wanke-wanke a keke kowace safiya, a takarda duk suna ciki. Haka kuma dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda yake cikin halin gaggawa ko da wane dalili, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya na tushe domin irin wannan jinya. Tubalan suna nan a zube, ginin ne ba a yi ba.

In za a yi ginin, ba na ganin samfurin Amurka zai dace da mu. Can kowa yana komawa wurin kamfaninsa ne domin kusan kowane gida yana da mota. A nan kuwa waɗanda suka fi jin rauni su ne marasa mota: masu tafiya a ƙasa, fasinjojin keke, almajirai, 'yan gudun hijira da suka cika garin nan tun da rikici ya kore su daga ƙauyukansu. Su ba su da kamfanin da za su koma. Abin da zai kai gare su shi ne tukunya guda irin ta Niyu Zilan, wadda duk mai abin hawa yake zubawa. Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: wa zai riƙe tukunyar? Mutanen da suka ga yadda kuɗin fansho ya yi a hannun wasu ba za su yi saurin yarda ba, kuma bayan cire tallafin man fetur a 2023, duk wanda ya zo da maganar ƙarin haraji a kan lita ba zai sami mai saurare ba. Wannan matsalar amana ce, ba ta rushe hujjar ba, amma tana iya hana ta tashi shekaru da yawa.

Kafin nan, tambayar tana dawowa cikin gidajenmu da majami'unmu, inda muke da tamu ƙaramar tukunya. Idan aka kawo sanarwar ɗan'uwa yana kwance a asibitin koyarwa, kafin Zumuntar Mata ta ɗaura zane a fara karo-karo, sau nawa muke fara bincike? Da wane lokaci abin ya faru, daga ina yake fitowa da daren nan, an ji warin wani abu a bakinsa? Almajiran Yesu ma haka suka yi da suka ga mutumin da aka haifa makaho, zunubin wa suka fara tambaya, shi kuwa Ubangiji ya kawar da tambayar ya buɗe masa ido. Basamariyen nan na Luka 10 bai san ko mutumin da ya tarar a hanyar Yariko ganganci ya yi da ya bi ta wurin shi kaɗai ba. Ya ɗaure raunin, ya ajiye dinari biyu, ya ɗauki alkawarin abin da zai ƙaru. Labarin bai wanke 'yan fashin ba ko kaɗan. Ya dai nuna cewa nemansu aikin wani lokaci ne, jinin da ke zuba kuwa na yanzu ne. Bulus ma a Galatiyawa 6 ya haɗa abu biyun a wuri ɗaya, ɗaukar nauyin juna a aya ta 2, da ɗaukar kowa kayansa a aya ta 5, bai ga sun yi karo ba.

Saura maganar mashayin nan da ke gadon kusa, domin shi ne ƙashin da ya tsaya a wuya. Ko ƙasashen da suke bin tsarin ba su bar shi haka kawai ba. A wasu jihohin Amurka doka ta yarda kamfani ya hana direban da ya yi tuƙi a buge wasu daga cikin biyan. A Niyu Zilan wanda ya ji rauni yana cikin aikata babban laifi har aka ɗaure shi, ana yi masa magani amma ana iya hana shi sauran kuɗin. Ina ganin layin da suka ja ya yi kusa da na bijimin da aka sani da suka. In da ni ne a zaman dattawa aka kawo maganarsa, zan ce a biya kuɗin aikin ƙafarsa daga baikon taimako kamar na kowa, a kai wa matarsa hatsi domin yaransa ba su sha komai ba, kada kuma wani dattijo ya je ofishin 'yan sanda roƙon a kashe maganar. In ya tashi, a raka shi gidan yaron da ya gurgunta, ya faɗa da bakinsa, a gaban uwar, abin da ya sha a daren nan da kuma abin da zai riƙa kawowa kowane wata.